Firijinka Ya Yi Ƙugi, Malam

Zuwa ga maigidana, Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, babu masinjan da ke bin hanyar da ka bi. Amma tunda kai ka matsa mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, bari karatun ya yi mini rana yau.

Gida lafiya. 'Yarka Hajo ta iya tuwo, sai dai har yanzu gishiri na fin ƙarfinta. Fadama ta cika, shinkafa ta yi kyau. Ko'ina a Wurno zancen mulkin kai ake yi, wai Turawa na shirin tafiya. Ni ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar firijinka ce.

Ka tuna ranar da Baturen gona, wanda ka yi wa kuku shekara tara, ya bar maka shi zai koma ƙasarsu? Kwana uku ban shiga ɗakin ba. Na ji yana ƙugi, na rantse akwai mutanen ɓoye a ciki. In ba haka ba, yaya za a zuba kananzir, a kunna wuta a ƙasa, a sami ƙanƙara a sama? Ka yi mini dariya har da hawaye, sannan ka zaunar da ni ka koya mini maganarsa. Hucin nan na ƙasa wutar lagwani ce: in ta yi shuɗi lafiya lau, in ta yi ja da hayaƙi a datse lagwani. Ƙulu-ƙulun bayansa, kamar cikin mai azumi da la'asar, ruwan bututu ne ke kewayawa, kuma shi ke kawo sanyin. Ƙas-ƙas, ƙarfe ne ke miƙa. Ɗis-ɗis, ƙanƙara ce ke narkewa. Ka ce duk wannan surutu lafiya ne, ranar da na ji ya yi shiru, ranar zan tsorata.

Na haddace, Malam. Har na riƙa yi wa matan da ke aiko da kwano neman ƙanƙarar buɗe baki fassara, ina hura hanci.

Kai ma ai firiji ne mai ƙafa. Gyaran murya tun daga zaure, jan takalmi, mita a kan miya, ga tarin nan da ya kama ka tun kaka. Sau nawa na ce masu surutu biyu sun yi wa gida ɗaya yawa? To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da tarinka ya tsaya, murna na yi. Ka daina mita, ka daina kirana kawo wannan, ɗauke wancan, na ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Ashe ƙarfin yin tarin ne ya ƙare. Na ɗaura kayana na tafi Rabah sunan ɗan ƙanwata. Da na zo sallama, hannu kawai ka ɗaga mini. Mi ya hana ni tsayawa in tambayi wannan hannun? Bayan kwana uku na dawo, tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gida.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, Allah ba ya kuskure. Amma karatun da ka ba ni a kan ƙarfe na riƙe shi, a kanka na manta. Wannan ke cina.

Akwai ta biyu. Cikin takaba na kasa jure ƙuginsa. Shi yana ta magana, kai ka yi shiru. Na durƙusa na hure wutar da bakina. Ka yafe mini.

Da na fita takaba na sake kunnawa. Wuta ta kama, shuɗiya shar, amma bayansa tsit, ciki kuma ɗumi. Ƙanenka Bello ya ce ya mutu, a fitar da shi kafin rabon gado. Har ya kawo wani mutumin Goronyo da zai ɗauka, wai ya riƙa ɓoye irin albasa a ciki saboda ɓera. Firijinka, Malam, rumbun albasa! Na roƙi Bello kwana uku: in ya tashi, a sa mini shi cikin tumunina na gado, in bai tashi ba, a ɗauka.

Sai na tuna shekarar da ya taɓa yin haka, ka kife shi kai ƙasa ƙafafu sama, maƙwabta suna cewa zama da Bature ya taɓa ka. Na cire tankin kananzir, na sa maza huɗu suka kife shi. Yini da kwana yana haka, ana leƙowa ana dariya, na toshe kunne. Jiya aka miƙar da shi, na cusa tsingaron nan naka ƙarƙashin ƙafar hagu don ya zauna daidai. Yau da hantsi na kunna, na zauna a tabarma, na jingina kunnena da shi. Azahar ta yi, shiru. Hajo ta kawo fura, ban sha ba.

Ana kiran la'asar na ji ƙulu. Sai kuma ƙulu-ƙulu. Na yi kukan da ban yi ba ranar da na iske tabarmi. Bello ya shigo, ya saurara, ya share idonsa, ya fita. Mutumin Goronyo kuwa, sai dai ya nemi tulun zuba irin albasarsa.

Shi an kife shi ya dawo. Kai fa, ina zan juya ka?

Yanzu duk wanda ya yi shiru a gidan nan sai na tashi na duba shi. Hajo har ta fara cewa na cika damu. Ta yi ta faɗi, mitarta daɗi take yi mini.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka fiye da ruwan da ka shayar da masu azumi. Sai mun zo.

Taka, mai saurare bayan lokaci ya wuce,
Inno