Na Ɗora wa Ɗalibata Laifin Kallon da Nawa Ne

Inna Hajara, don Allah ki taimake ni, sati biyu ke nan abinci ba ya yi mini daɗi. Ni malama ce a wata Islamiyya a Jega. Shekara uku da suka wuce ƙanena, da ke karatu a jami'ar Aliero, ya tura mini wani fim mai dogon zango a waya, fassarar Hausa, na mutanen da ke yawo a jirgin sama jannati suna haɗuwa da halittun wasu duniyoyi. Na ce masa shirme ne. To, shirmen nan yanzu karo na huɗu nake maimaita shi. Na san wanda zai mutu a kashi na tara, amma duk na zo wurin sai na yi hawaye, har tuwo na taɓa ƙonawa. Kuma gaskiya zuciyata ta fara raya mini cewa girman sararin nan ya fi ƙarfin a ce mu kaɗai ne a ciki. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ina da ɗaliba, Humaira, 'yar shekara goma sha uku, babanta Malam Labbo manomin albasa ne a Liba, ya kawo ta wurin gwaggonta don karatu. Ranar da shugaban makarantarmu ya shigo duba aji, ina bayanin halittar sammai, sai yarinyar nan ta ɗaga hannu ta tambaya ko akwai masu rai a cikin taurari. Inna, ji na yi kamar an buɗe wayata a gaban shugaba. Na rufe ta da faɗa, na ce kallon finafinai ne ya lalata mata tunani, 'yan aji suka yi ta dariya.

Shugaba ya aika wa babanta labarin abin da ya faru. Yanzu Malam Labbo ya ce ranar Laraba, in ya kawo albasa kasuwa, zai tafi da 'yarsa, tunda birni ɓata ta yake yi. Gwaggon ta rantse mini ko wayar kallo babu a gidansu. Yarinyar ba ta taɓa ganin fim ɗin ba, ni ce mai gani. Kunya ta hana ni magana, ina tsoron mutuncina da aikina. Shin tunanin nan nawa ma zunubi ne? Yaya zan yi?

Malama mai nadama, Jega

Malama, sannu. Ki fara sauke rabin kayan. Yin tunani a kan girman halittar Allah ba zunubi ba ne. Ko akwai masu rai a can ko babu, ilimin yana wurin Mahaliccinsu, kuma ba ke kika fara tambayar ba. Fim kuwa ƙirƙira ce, ki kalle shi a matsayin haka, muddin bai ci miki salla ko girki ba. Tuwon dai a riƙa dubawa.

Sauran rabin naki ne, ba zan ɓoye miki ba. Na fahimci tsoronki, malama a gari irin Jega da sunanta take cin abinci. Amma ke kunyar kwana biyu za ki ji, ita kuwa karatunta ne zai tafi gaba ɗaya, a kan abin da ba ta yi ba.

Kada ki jira Laraba. Gobe ki sami shugaba ki ce kin yi wa yarinyar zato ba tare da hujja ba. Ba dole ki karanto masa kashi-kashin fim ɗin ba, amma in ya tambaya kada ki yi ƙarya. Sannan ki ɗauki gwaggon ku shiga mota zuwa Liba, ki gaya wa Malam Labbo da bakinki cewa 'yarsa mai kaifin hankali ce, kuskuren naki ne. Manomi ya san darajar wanda ya tako har gonarsa.

In Humaira ta shigo aji, ki tsayar da ita a gaban 'yan ajin da suka yi mata dariya, ki nemi yafiyarta, ki ba ta amsar da ta cancanta tun farko: cewa ba ki sani ba, kuma ke ma kina son ki sani.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa Humaira ta sauke karatunta a hannunki.

Inna Hajara