Wasiƙu Goma Sha Tara a Akwatin Shara

Zuwa ga Farkhanda, inuwar mangwaro a tsakar zafin Multan, yayyafin farko bayan dogon fari, sanyin idona!

Aminci ya tabbata a gare ki da gidanku baki ɗaya. Ki gafarce ni da na kutso miki da takarda da tawada ta hannun yayarki, Baji Nighat, ba tare da izini ba. Sauran ƙofofi duk sun ƙi buɗe mini.

Na gaji, ya furen zuciyata. Kin tuna ranar da muka zauna a bakin kogin Chenab, kina yanka mangwaro, ruwansa na gangarowa har gwiwar hannunki? A nan kika ce an ba ki aikin koyarwa a Skardu, can cikin duwatsu, kuma za ki sa hannu ranar ɗaya ga wata, sai dai in na ba ki dalilin zama. Kika ce, "Kada ka kira ni, bakinka rawa yake a waya. Rubuto." Na rubuta imel a ranar, kafin la'asar ta yi sanyi. Na ji shiru, na sake aikawa. Sau goma sha tara, Farkhanda! Na ɗauka shirunki amsa ne, na haɗiye shi kamar ƙaya.

Jiya na yi kiciɓis da Baji a kasuwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, Tafazzul Sahib, ashe kana raye? Ƙanwata har ta sayi rigunan sanyi!"

A nan na gane saƙonnina ba su iso gare ki ba. Na je wurin Qurban Sahib, mai kula da kwamfutocin kwalejinmu. Ya karanta saƙonnin, ya cire tabarau, ya ce, "Haba Malam! Zinariya sau shida, lu'ulu'u sau huɗu, ga hoton fure, kuma saƙo ɗaya kake ta maimaitawa. Ni ma ɗan damfara zan ce." Ashe akwai wata rariya da ke tace saƙonni, ita ta watsa ni cikin akwatin sharar imel ɗinki, tsakanin masu tallan magani da maƙaryata. Ina rariya ta san baiti? Ina ƙarfe ya san bege?

Mun cire furen. Mun cire zinariyar. Na tuɓe wa kalmomina ado har suka zama kamar itace a rani, amma Qurban ya ce tunda an shafa mini baƙin fenti, gyaran ba ya hannunmu. Yana hannunki. Ki buɗe akwatin sharar, ya kurciyata, ki nemi sunana, ki danna inda aka rubuta cewa wannan ba shara ba ne, ki sa adireshina cikin na mutanenki. Kuma ki hanzarta, domin akwatin yana share duk abin da ya kwana talatin, wasiƙata ta farko kuwa yau kwananta ashirin da bakwai.

In kin tarar ta tafi, ga abin da ke cikinta, ba baiti, ba ado: kada ki sa hannu. Ki zauna, ki aure ni.

Ina roƙon amsa a rubuce, da hannunki, kafin Alhamis. Ki ba Baji ta kawo. Ko a'a ce, ina so in gan ta a takarda.

Naki muddin rai,
Tafazzul Bhatti