Ƙanena ya ƙona kwamfutar mijina, ya ce karatuna ne

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a sakaya sunana. Na daɗe ina karanta na wasu, yau layi ya zo kaina, don Allah ku ba ni shawara, kuma ku karanta har ƙarshe kafin wani ya rubuto mani "haƙuri".

Ni mutuniyar Argungu ce, sana'ata gumin shinkafa, ina saro ta daga garin Gulma in turara in shanya in sayar. Ban shiga aji ba sai da na haura arba'in, lokacin da anka buɗe ajin manya a unguwarmu. Shekarata huɗu ke nan da shiga, kuma wanga rubutu da hannuna na yi shi, ba wanda ya taya ni. Maigidana, Alhaji, direban babbar mota ne tun kafin a ba mu jiha, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauke shi. Shi ajami kawai ya sani, don haka ni ke karanta mashi kwalayen magani, wanne na safe, wanne bayan abinci. In anka yi baƙi har alfahari yake yi, ya ce ai yanzu gidansa akwai likita.

Mutumin da ya saba da hanya, zama wuri ɗaya kashe shi yake yi. Da babban ɗanmu da ke aiki Fatakwal ya ga haka, sai ya sayo mashi tsohuwar kwamfutar gem daga wani shago da ya rufe, da sitiyari, da wasan tuƙin tirela. Wallahi na yi dariya da farko, tsoho da gemu yana tuƙi cikin ɗaki. Amma shi ya maido mana Alhaji. Yana tuƙi yana zagin ƙananan motoci kamar da, har hannun hagun da ya mutu ya fara kama sitiyari.

Da anka sabunta wasan sai hoto ya fara tsinkewa, mota ta tsaya cak ta yi tsalle. Ɗanmu ya ce girafik kad ne ya tsufa, wato katin da ke fito da hoto, amma ba kowane ke shiga tsohuwar na'ura ba. Ta waya ya sa na kwance murfin, na kwafe abin da ke jikin fawa sufulai, akwatin da ke raba wuta, wat ɗari uku. Na auna gurbin katin da tef ɗin tela. Na duba ko akwai wata waya mai rami shida, babu. Ya ce to gajeren kati za a nema, wanda wutar gurbinsa ta ishe shi, in ba haka ba a canza fawa sufulai tukuna. Duk na rubuta, na karanta mashi sau biyu, ya ce Mama ko injiniya iyaka ke nan, ki aika wa Kawu.

Kawun nan shi ne autanmu, yana da shagon gyaran kwamfuta a Nassarawa cikin Birnin Kebbi. A gidana ya tashi. Hayaƙin tukunyata ya kai shi har babbar makaranta lokacin da ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Na ninke takardar huɗu, na soke ta da fil, na sa cikin samira tare da bandar kifi don matarsa, na ba direban motar haya. Na kira autan namu na ce takarda tana ciki, ya ce an gama, Yaya.

Ranar Asabar ya zo da wani ƙaton kati mai fanka biyu. Tun daga ido na ga ya fi awona. Na ce Auta wanga ai ba ya shiga. Ya yi dariya ya ce Yaya ki koma wurin tukunyarki, wannan ba shinkafa ba ce. Ina tsaye ya lanƙwasa ƙarfen ciki da filaya, ya yi wasu jone-jone don ya samar wa katin wuta. Na sake magana, Alhaji ya ce in bar mai sana'a da sana'arsa. Kwana biyu kwamfutar tana aiki, hoto tas. Rana ta uku bayan La'asar munka ji fas, ɗaki ya cika da warin roba. Daga nan ba ta ƙara tashi ba.

Kaya na lalacewa, wannan bai dame ni ba. Abin da ya ƙona ni shi ne da Alhaji ya kira shi, sai Auta ya ce ai takardar da Yaya ta rubuto ya bi, ita ta nuna wuta ta isa, shi bai yi tunanin sake dubawa ba, karatun tsufa sai a hankali. Na ce ƙarya yake yi. Anka ce to ina takardar, ya ce ya jefar. Ɗanmu ya shaide ni ta waya, Alhaji ya ce ɗa ai uwarsa zai bi, kuma shi ɗan namu abin da na karanta ya ji, bai ga abin da na rubuta ba.

Sati uku bayan haka na je suna Birnin Kebbi, matar Auta ta maido mani samirata. Baiwar Allah, ba ruwanta. Ina buɗewa na ishe takardata a ƙasa, man kifi ya jiƙa ta, fil ɗin yana nan yadda na soke shi. Ko buɗe ta bai yi ba. Cikin hira ta ce ai katin nan wani mai saye ne ya maido shi shago tun bara, Auta ya rasa yadda zai yi da shi, ranar da na kira har murna ya yi.

Na ja Auta bayan shago na nuna mashi takardar. Na zaci zai ji kunya. Ya ce Yaya ki rufa mani asiri, in anka ji ni na ƙona ta ba mai sake kawo mani aiki, ke kuwa in anka ce kin yi kuskure ba wanda zai yi mamaki. Jama'a, ba wanda zai yi mamaki. Na faɗa mashi maganganun da ba zan rubuta nan ba. Na kai wa Innarmu maganar, ta ce ni ce babba in haɗiye, kuma in na tona, matarsa za ta kwana ciki tunda daga bakinta ya fito. Auta ya yi alkawarin gyara kwamfutar, na ce hannunsa ba ya sake taɓa ta.

Ga inda nake yanzu. Alhaji ya koma kallon bango, hannun ya fara sanƙarewa. Kuma tun ranar bai sake miƙo mani kwalin magani ba. Anka canza mashi na hawan jini, ya ƙi sha sai da ɗiyarmu ta zo daga gidan mijinta ta karanta, kwana biyu cur, ina zaune ina kallon rubutun, ina ganewa sarai. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi a hankali, Hajiya magani ba abin gwaji ba ne.

In na ajiye takardar gabansa, na san halinsa, zai yanke Auta har abada, ga jininsa ba ya son tashin hankali, ga yarinyar mutane, ga fushin Inna. In na yi shiru, duk sanda anka canza magani sai mun jira wani ya zo.

Masu sanin kwamfuta ku faɗa mani, in babban allon cikinta ya ƙone, gyara ya fi ko a nemi wata, kuma wane irin kati wat ɗari uku ke ɗauka lafiya? Sauran kuma, in nuna mashi ko kada in nuna? Akwai hanyar da zan wanke kaina ban jefa matar Auta cikin wuta ba? Mai cewa in bar wa Allah, na bar mashi, amma ya gaya mani wa zai karanta kwalin gaba.