Kafin In Shiga Rijiyar Terhemba

Zuwa ga mai girma Shugaban Kwamitin Binciken Gobarar Rijiya ta unguwarmu, Akurba, Lafiya.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina neman afuwa da na kawo maganata bainar jama'a. Sau uku ina zuwa ofishinka. Zuwan farko aka ce kana taro, na biyu aka ce ka tafi Doma, na uku masinja ya karɓi takardata ya ɗora kwanon abincinsa a kai ina kallo. Shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani, ko Allah ya sa wani da ya san ka ya karanta maka.

Sunana Sabo, amma an fi sanina da Sabo Mai Rijiya. Haƙar rijiya da yasarta na gada wurin mahaifina, kuma rabin rijiyoyin layinmu da hannuna na haƙa su. Ni ne mutumin da rahotonku ya ce sakacinsa ya jawo gobara a rijiyar Ɗanladi tela a bazarar bara. Tun da ba a tambaye ni komai ba kafin a rubuta, bari in faɗi nawa yanzu.

Duk mai shiga rijiya ya san akwai wata iska da ke kwanciya a ƙasa, ba ta da wari ba ta da launi, tana shaƙe ƙato kafin ya kai hannu ga igiya. Maganinta ɗaya muka sani tun zamanin iyayenmu. A kunna fitila, a ɗaura mata igiya, a zura a hankali. Idan ta isa ƙasa tana ci, mutum ya shiga. Idan ta mutu a hanya, a bar rijiyar a buɗe, a ɗaura reshe mai ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iskar ta canja. Mahaifina ya taɓa marina a gaban jama'a, ina da gemu, don na sa ƙafa a bakin rijiya ban zura fitila ba. Tun daga ranar ban sake ba.

Abokin aikina shi ne Terhemba, mutumin Tibi daga wajen Obi. Shekara ashirin da ɗoriya muna tare, in ya shiga in riƙe masa igiya, in na shiga ya riƙe mini. Ba ma aiki ranar Juma'a saboda ni, ba ma yi ranar Lahadi saboda shi, kuma ba mu taɓa zama mun yi shawara a kan haka ba.

Ranar da abin ya faru, tela ya kira mu ya ce ruwan rijiyarsa na wari. Na leƙa, na kuwa ji warin. Ba zan ɓoye wannan ba, domin shi ke hana ni sukuni har yau. Na ɗauka kananzir ne. Matan unguwa sukan zuba kamar murfin kwalba a rijiya don kashe 'ya'yan sauro, mun sha tarar da haka, bai taɓa yin komai ba. Tela ya ce wataƙila matarsa ce ta zuba, ita kuma ta tafi kasuwa. Sai na kunna fitila kamar kullum. Ni na riƙe igiya daga baya, Terhemba ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya yana kallon harshen wutar, don aikin mai kallo ke nan. Fitilar ba ta kai rabi ba na ji wani irin ƙara, wuta ta taso ta wuce kan mangwaron gidan. Ni gashin hannuna kawai ya ƙone. Terhemba ya yi wata biyu a asibiti, ya fito ba ya gani.

Wannan shi ne abin da ya faru. Yanzu ga ƙorafina.

Na farko, rahotonku ya ce kananzir ɗin fitilata ne ya zube ya kama. Ranka ya daɗe, fitilar nan ba ta shan cikin gwangwanin madara. Wutar kuwa ta ci tun hantsi har bayan la'asar, sai da aka kifa kwanon rufi aka bi shi da yashi sannan ta mutu. Idan akwai fitilar da ke irin wannan aiki, a nuna mini inda ake sayar da ita, in ajiye diga in kama sana'arta. Wanda ya rubuta wannan layin ko dai bai taɓa riƙe fitila ba, ko kuma ya san gaskiya ya ga talaka ya fi sauƙin ɗora wa laifi.

Na biyu, akwai gidan mai a saman layinmu, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ta tsirowa tun da Lafiya ta zama hedkwatar jiha. Ba sai na faɗi sunansa ba, a harabarsa kuka ajiye motocinku ranar da kuka zo. Ina cikin waɗanda aka ɗauka haƙar ramin tankinsa. Da idona na ga tankin da aka binne, tsoho ne, ya sha tsatsa, ga tabon walda a cikinsa wuri uku. Na yi wa ɗan kwangilar magana, ya ce an ɗauke ni haƙa ne ba duba tanki ba. Na yi shiru, kuma wannan shirun ma ina lissafa shi cikin laifina.

Ni ban yi karatun ƙasa a makaranta ba, amma na san cikinta. A layinmu, in ka wuce jar ƙasa da marmara za ka tarar da wani farin yashi mai laushi, a cikinsa ruwa ke tafiya, daga tudun gidan man zuwa gangaren rafi. Rijiyar da ke bayan katangar gidan man ita ta fara wari, masu rijiyar suka daina sha ba su faɗa wa kowa ba. Sai ta gidan wani Fasto da ke ƙasa da su. Sai ta tela. Gida bayan gida, a jere, ba tsallake. Na tare injiniyanku na ce ya ba ni minti goma in nuna masa. Ya tambaye ni a ina na yi karatu, na ce a cikin rami. Ya yi dariya ya shiga mota. Bai haƙa ko taki ɗaya ba a unguwar nan, bai ɗebi ruwan ko rijiya ɗaya ba.

Na uku, abin da kuka kira gyara. An zuba tifar yashi a kwata, an wanke lambatun gaban gidan man da garin sabulu, an shafa wa kwalbati farar ƙasa, an rufe rijiyar tela da siminti, an ɗauki hoto, an tafi. Damina na sauka yashin ya bi ruwa. Duk wanda ya tsaya a kan kwalbatin nan bayan an ɗauke ruwa zai ga mai yana yawo launi-launi a saman kwata. Kwaɗin da ke hana mu jin kiran salla da damina, bana ko ɗaya ban ji ba. Wata baiwar Allah da ke noman alayyafo a inda kwatar ke zubewa ta tashi daga wurin, ƙasar ta yi baƙi, ko ciyawa ba ta fitowa. Rufe bakin rijiya bai hana abin da ke ƙasa tafiya ba. Bayan tafiyarku gida biyu sun ƙaru, waɗanda ke ƙasa da gidan tela.

Za ka ce me ya sa ba wanda ya kawo kuka sai ni. Zan faɗa maka, ko da maƙwabtana za su daina gaishe ni. A ɗaya daga cikin gidajen nan biyu, in an shiga wahalar mai, da tsumma suke tsane saman ruwan rijiya su matse a galan su zuba wa babur. Sun ɗauka arziki ne Allah ya kawo musu har gida. A gidan akwai murhu taku biyar daga bakin rijiyar, akwai kuma yara. Na yi magana, an ce baƙin ciki nake yi. Ban ga laifinsu sosai ba, tunda hukuma da kanta ta rubuta cewa babu komai a ƙasa sai fitilar Sabo.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Gidan da ke biye a layin, gidan Terhemba ne.

Mu biyu muka haƙa rijiyarsa shekarar da ya yi aure. Bana ta ja baya, guga sai laka yake kawowa, tana bukatar yasa. Matarsa Mnena da ruwan nan take jiƙa rogo tana yin alabo, kuma tun da mijinta ya rasa ido, alabon nan shi ne abincin gidan. Yanzu tana zuwa rafi, inda kwatar da na faɗa maka take zubewa, masu saye sun fara shinshina alabonta suna ajiyewa. Ta zo gidana da kanta, ta durƙusa, ba ta ce mini komai game da idon mijinta ba, ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce kawai in taimaka in yashe musu rijiya.

Na je na kwanta a bakinta na shinshina har kaina ya yi ciwo. Wani lokaci in ji kamar akwai wari, wani lokaci in ji babu. Laka ta toshe idon ruwan, ban san abin da ke bayanta ba sai an buɗe, kuma hancina ma na daina yarda da shi. Ranka ya daɗe, ka duba halin da nake ciki. In na zura fitila, wataƙila in ƙone gidan mutumin da na riga na makantar. In ban zura ba, ban san irin iskar da ke jirana a ƙasa ba. Ko diga ce ta daki dutse ta yi tartsatsi, an gama. Abu ɗaya da mahaifina ya bar mini na tsare rai, shi ne yau na fi tsoro. Tun bara ban shiga rijiyar kowa ba, na gaya wa sauran masu sana'ar su kiyayi layinmu, wasu sun ji, wasu sun ce so nake in riƙe unguwar ni kaɗai.

Da Terhemba ya ji ina jan ƙafa, sai ya ce shi zai shiga. Ya ce rijiyarsa ce, ya san kowane matakin da muka sara a jikinta, kuma shi yanzu duhun ciki da hasken waje duk ɗaya ne a wurinsa. Yana faɗa yana dariya, amma na san shi, ba wasa yake yi ba. Na ɗauke igiyarsa na ɓoye a gidana. Jiya Mnena ta gaya mini ya aika a sayo masa wata a kasuwa. Sai na je na yi masa alkawari cewa ni zan shiga, ya ba ni zuwa Asabar ta sama. Ya yarda, ya ce in na wuce ranar kada in ga laifinsa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. A aiko mutum da na'urar gwada iska da ruwa, na ji an ce akwai ta, a zura a rijiyar Terhemba kafin Asabar ta sama. Wannan shi ne na gaggawa, sauran za su iya jira. Bayan haka a tono tankin gidan man a duba shi a gaban jama'a, in na yi ƙarya a ɗaure ni. A haƙa ramukan gwaji a bi farin yashin nan har rafi, ni zan haƙa ba sai an nemo kowa ba. A kwashe ƙasar da ta sha mai a cikin kwata, a daina rufe ta da yashi. A sa mai shela ya zaga unguwa ya gaya wa mutane, da Hausa da Tibi da Eggon, kada kowa ya kusanci rijiyoyin layin nan da wuta. Sunana da kuka ɓata, in kun ga dama ku gyara, in ba ku ga dama ba na yafe. Idon Terhemba kuwa ba a hannunku yake ba, ban roƙe ku shi ba.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a wannan aiki, ya tsare ka da iyalinka daga wuta ta duniya da ta lahira, ya sa ruwan da 'ya'yanka ke sha ya zama mai tsabta kullum.

In kun zo, ku tambayi gidan makaho mai rijiya, kowa ya san shi yanzu da wannan sunan. In ba ku zo ba, ranar Asabar da safe zan shiga ba fitila. A sana'armu, wanda ke ƙasa in ya ji numfashinsa na ɗaukewa yakan ja igiya sau uku a fitar da shi. Terhemba ya ce shi zai riƙe mini, domin wannan aikin ba ya bukatar ido, kuma hannunsa ya san nauyina. Na ce masa to.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabo Mai Rijiya,
Akurba, Lafiya.