Kunnen Ɗiyar Hure

Dakoro, ƙarshen bazara

Zuwa ga yayata Raudatu, a Tamanrasset.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulaye da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara miki haƙurin zaman ƙasar mutane, ya maido mana ke da alheri. Mu nan lafiya lau, sai zafi da duban gabas. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana fita ƙofar gida da hantsi tana yi wa masu wucewa tambayoyi. Matata Zainabu ta yaye Sha'ibu, ya yi kwana biyu yana fushi da kowa, yanzu ya sasanta da fura. Gwaggo Uwale lafiyarta ƙalau, bakinta ma haka.

Saboda bakin nata ne ma na zauna rubutu, ni da rabona da alƙalami tun da na bar makarantar lekol sai in sunan magani zan kwafa. Na san saƙonta na murya zai riga takardata isowa, kuma saƙon murya kowa na ɗaki ke ji. Wannan magana kuwa taki ce ke ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya: Hure ta mutu. Yanka aka yi, ba mushe ba, kuma ni na ce a yanka. Ki ajiye takardar ki yi kukanki, na san ita ce ta ƙarshe a jinin shanun Baba, kuma ita ce gadonki. In kin share hawaye ki ɗauko ki ji sauran, don akwai abin da ke jiran bakinki.

Bari in fara gaya miki irin aikin da ƙanenki ke yi, don ku can kuna jin an ce Zakiru ya bar dillancin shanu ya koma wajen likitar dabbobi, kuna zaton farar riga nake sawa. Likita Hamdiya ita ce mai ilimin, ni ƙafafunta ne da hannunta inda ba ta kai ba. Kuma ba a kiranmu sai an gama da kowa. An ba dabba kanwa, an yi mata lalas da ƙarfe, an sayo allurar kasuwa wadda ta sha rana har ta sake launi, an tofa abin da za a tofa, sannan a tuna da lambata. In isa in iske raƙumi ya kumbura kamar salka, ko tunkiya cikinta cike da leda, mai ita ya dube ni ya ce jiya-jiya ta fara. Na yi shekaru ina yi wa mutane irin wannan ƙaryar a kasuwa, yanzu Allah ya sa ni ake yi wa. Kullum tambayar ɗaya ce: wuƙa ko allura. In na yi allura na rufe ƙofar wuƙa, don naman ba ya ciwuwa sai maganin ya fita, in kuwa ta mutu a tsakani, mushe ke nan, mai ita ya tashi ba nama ba dabba. In na ce wuƙa, a ce na haɗa baki da mahauta. Jimrau mahauci kuwa ya sa abin ya yi kama da gaskiya, don ya san ƙarar motona, babur ɗin nan nawa, fiye da matata. In na tayar, ya tayar. Na ce mishi ko ungulu tana bari mutum ya faɗi tukuna, ya ce shi ma esansi, man moto, yake saye.

To, ranar da abin ya faru, da hantsi aka kira ni daga wata rijiya arewa da Azagor, aka ce saniya ce naƙuda ta tsaya mata. Sai da na isa, ga Jimrau a bayana, na ga tsoho Bubakar zaune a ƙasa, kan Hure bisa cinyarsa. Kin san yadda kuka yi da shi da za ki tafi: habbanaye kika ba shi ita, ta haifa mishi uku su zama nashi, uwar ta dawo miki. Biyu sun samu, wannan ne cikin na uku, shi ya sa a saƙonki na azumi kike cewa in gyara mata turke. Bazarar bana ta cinye ta, ƙashin baya kamar a rataya riga. Ƙarfin yunƙuri ya ƙare mata, samarin rugar kuma suka ɗaura wa ɗan igiya a ƙafa suka ja da ƙarfinsu, da nufin taimako. Na wanke hannu na sa har kafaɗa. Abu biyu na iske. Mahaifa ta yage, yagewar da hannuna ya wuce ta ciki. Sannan da yatsana ya kai bakin ɗan, sai na ji ya tsotsa.

Na hau tudun rairayi neman rezon waya na kira likita Hamdiya. Tana can wajen Kornaka, ita ma hannunta cikin wata saniyar. Ta yi mini tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce ko a gabanta Hure take, da kayan aikinta duka, ba ta yi mini alkawarin ta kwana ba. Ta ce in ba a yi mata allura ba kada in yi, kuma in ina son ɗan in daina tsayuwa bisa tudu.

Da na gangaro na gaya wa Bubakar, bai dube ni ba. Kin san Fulani, ba su roƙo. Ya ce wa ƙasa, a hankali, ya ji ana yanka ɗa a cikin ciki da zaren ƙarfe a fitar da shi gunduwa-gunduwa uwar ta tashi, to in yi hakan. Ya ce ɗan nashi ne, ya yafe. Uwar ta mutane ce. Yaya, na yi shekara da shekaru a kasuwar shanu, na ga mutum ya rantse da Alƙur'ani a kan haƙoran bijimi, ban taɓa ganin wanda ya yi cinikin da zai faɗi da gangan ba sai ranar. Na ce mishi da hakan zai tayar da ita da na yi, ko don ke, amma in na yanka ɗan to biyu za mu rasa. Ya ce to shi bakinsa ba zai ce a sa wa saniyar amana wuƙa ba, hannunsa kuma ba zai riƙe ta ba. Na kira lambarki, ba ta shiga. Rana na ta hawa, numfashin Hure na ta gajarta. Sai na ari bakinki na ce a yanka.

Na sa matar Bubakar ta tatse dakashin tun tana da rai, don ɗan da bai sha nonon fari ba bai cika zama saniya ba. Tana tatsa tana yi mata magana da Fillanci, ban tambayi me take cewa ba. Jimrau ya yi bisimilla ya yanka, ni kuma ban jira ta gama shure-shure ba na tsaga cikin na jawo ɗan. Mace ce. Ta fito shiru, kamar tsumma. Na share mata hanci, na soka mata tsinke a ciki, na ɗiga mata ruwan sanyi a kunne, sai ta yi atishawa ta girgiza kai. Ja ce, da farin nan a goshi, sak uwarta. Bubakar ya tashi ya tafi bayan shanu, bai dawo ba sai da aka gama fiɗa.

Naman na duba shi da kaina, lafiyayye ne. Jimrau ya taya, na ce ba na sayarwa ba ne, aka raba shi sadaka ga mutanen rijiya da sunan Baba. Ya tafi da fata da ƙorafi. Duk da haka labarin da ya riga ni isowa gari shi ne Zakiru ya je da mahaucinsa sun gama da saniyar yayarsa, kuma shi Gwaggo za ta kawo miki da gishirinta. Ban ji haushi sosai ba, wanda ya taɓa sayar da gurgun raƙumi ba ya kuka don an duba ƙafar na biyu. Ƙullin da direba zai ba ki tare da takardar nan rabonki ne na naman, Zainabu ta shanya miki. In ba ki iya ci, ki ba maƙwabta.

Yanzu ga abin da ke jiranki. Ranar kasuwa da ta biyo, na dawo daga wani kira a Korahane ƙuguna kamar ba nawa ba, na iske maraƙar ɗaure a turken da na gyara wa uwarta, Bubakar na zaune a gefe. A amalanke ya kawo ta. Ya ce uwa ba ta dawo ba, ɗiya ta dawo a madadinta. Na ce mishi ta uku ce, tashi ce, ko gaban wa aka je. Ya ce ana cin ta uku ne in an maido uwa. Na kawo mishi al'ada, na kawo addini, na kawo duk dabarar da na taɓa sa mai saye ya ƙara, tsohon nan bai motsa ba. Abin da ya karya shi ɗaya ne: na nuna mishi ledojin da ke rataye a dangar gidanmu, na ce marainiyar maraƙa a Dakoro ba ta ganin kaka, shi kuwa yana da saniyar da ɗanta ya mutu, nono na zuba. Ya yarda ya koma da ita shayarwa. Amma ya ce ba zai yi mata shaida a kunne ba, ko tashi ko ta Baba, sai ya ji daga mai ita. Na ce ai ni ƙanenta ne, ga ni. Ya ce, ba tare da ya yi dariya ba, bakin dillali na mai saye ne da mai sayarwa duka.

Don haka muryarki yake so, ba takarda ba. Ki aiko saƙon a wayata, ki kira sunansa, ki faɗi shaidar da za a yi, ni in hau moto in kai mishi ya ji. In shawarata kike so, ki bar mishi ita, ya biya ta da abin da ya fi kuɗi. In kuma zuciyarki ba ta iya sakin jinin shanun Baba, ba wanda zai ga laifinki, a yi mata tsagar gidanmu ta zauna wurinsa sabon habbanaye. Ko wanne kika zaɓa, kada ki daɗe. Hadari ya fara haɗuwa, da ruwa ya sauka za su ɗaga su yi arewa, ba mai ganinsu sai kaka, kuma maraƙar da ba shaida a can ta wanda ya tsince ta ce.

Batun ɗanki Hamid da kika ce yana son wannan aikin, ki bar shi ya yi karatun har ƙarshe, ya zama irin likita Hamdiya. Sai dai ki gaya mishi ita ma a tsaye take cin abinci.

Inna na gaishe ki, ta ce ki yi haƙuri, abin da ya tafi da numfashi Allah ya karɓa. Zainabu da yara na gaisuwa. Ki gaida Malam Abdulaye, da Hamid, da Adawiyya, da ƴar autarki da ban taɓa gani ba. Ki yafe mini aron bakin da na yi. Ga waya tana ƙara, wani ne daga hanyar Kornaka, na kuma ji Jimrau ya riga ni tayar da moto. Kunnen ɗiyar Hure na nan lafiyayye, yana jiranki.

Naki ƙane,
Zakiru