Ragon da bai taɓa zuwa kiwo ba

Lahadi, bayan isha'i

Alhamdulillahi, yau Malam ya ci abinci. Tun da lokotoro ya hana shi jan nama saboda hawan jini yake ture mini kwano yana kumbura. Mutumin da ya tsufa yana karantar da 'ya'yan mutane a lakwal, amma kalmar "daina" ta gagare shi!

Kowace ran kasuwa da burodi da tsire yake dawowa. Yau na riga shi. Na matse awara, na yanka siri-siri, na soya har ta yi ja, na birkiɗe ta cikin yajin ƙuli-ƙuli, gishiri kaɗan. Na tsaga burodi na zuba, da albasa da tumatir, har da naɗewa a takarda irin ta masu tsire. Ni ma na san ba maiƙo, ba abin da haƙori zai ja.

Ya gatsa, ya tauna, ya dube ni.

"Hajiya, ragon nan bai taɓa zuwa kiwo ba."

"A gona ya tashi. Ci, ko in kira ɗiyarka a Yamai."

Ya cinye tas. Sai ya sa hannu aljihu, ya fito da ƙunshin tsiren da ya ɓoye, ko buɗewa bai yi ba.

"Ungo, kada shaiɗan ya dawo."

A tsaye na cinye shi a madafa. Wallahi ya fi awara nesa ba kusa ba, amma daga bakina ba zai ji ba.