Gurbin Yatsan Baba

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin, ya idanun? Allah ya sawwaƙe. Tela maƙwabcina ke rubuta mini. In ka ji kalmar 'yan boko, tasa ce.

Saƙonka ya iso, wai tunda gani ya tafi, a kawo maka askar Baba mai naɗewa ka riƙa lalubawa. To, ƙotar ta tsufa kamar mu. Ɓarin ƙahon nan biyu na ƙotar sun bushe, sun tsuke, sun karkace. In na naɗe ta, tsinin na leƙowa, zai yanke ka. Ɗana ya ce a sa ƙotar roba. Na ce a sa wa kansa.

Ka tuna gurbin da babban yatsan Baba ya ci a ƙahon? Shi za ka laluba. In ya ɓata, ƙarfe kawai zan aiko maka.

Na cire ƙusoshin, na jiƙa ƙahon cikin mai a kofin shayina. Da hantsi nakan zauna a shago ina kallon kumfa na tasowa ɗaya-ɗaya, sai in ga Baba yana wasa aska a fata, kai kuma kana juyi a kujerarsa.

Ka gaida matarka mai faɗa.

Yayanka, mai aski

Zuwa ga ƙanena,

Da fatan kun tashi lafiya, kai da iyali.

Kwana tara ƙahon ya sha mai. Na ɗumama shi zan matse tsakanin katako biyu ya miƙe, sai na tuna: matsi zai shafe gurbin. Na rarake katakon daidai wurin, yadda ba zai taɓa shi ba. Tela ya ce wahalar banza ce. Rubuta, tela, haka ka ce.

Ya miƙe. Tsawon bai dawo duka ba, sai na goge ɗan ƙahon da ke raba ɓarin biyu a gindi, tsinin ya samu wuri. Na mayar da ƙusoshin, yanzu askar tana rufuwa shiru.

Amma akwai abin da zan faɗa maka. Da na sa yatsana a gurbin, ya zauna cif. Baba kuwa siraran yatsu gare shi. Shekara arba'in ina aski da ita, ina cewa gurbinsa nake tsarewa, ashe ci nake yi.

Direba zai kawo ta jibi. In ka ji gurbin ya fi yadda ka sani faɗi, kada ka ce na canza ƙota. Mu biyu ne a ciki. Ka ɗora naka.

Yayanka, mai aski